Dawaki masu tafiya mai laushi: wanne za ka saya, wanne za ka iya riƙewa?

Yawancin masu neman dokin da ba ya jijjiga mahayi dalilinsu ɗaya ne. Ko baya ya fara ciwo, ko gwiwa ta daina jure sassarfa, ko kuma mutum yana son ya yini a kan sirdi ya sauko bai gaji liƙis ba. Da ya fara tambaya sai a jero masa sunaye: dokin Tenesi, dokin Mizuri, na tsaunukan Kentaki (ukun nan jihohin Amurka ne), na Aisilan, da Paso iri biyu. Duk wanda ya hau ranar gwaji zai ji daɗinsa, don haka laushin tafiya ba zai raba masa gardama ba. Bambancinsu na gaskiya sai an shekara biyu ko uku tare yake fitowa, a kofato, a jijiya, a ido, a fata, da kuma a aljihu. Shawarata ita ce ka zaɓi dokin da ka san rauninsa, kana iya gano raunin kafin ciniki, kuma kana da halin ɗaukar ɗawainiyarsa.

A sassarfa, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna sauka tare, sannan doki ya ɗan tashi sama kafin ɗaya biyun su sauka. Wannan tashin ne ke wurga mahayi. Waɗannan dawaki kuwa kowace ƙafa tana sauka ita kaɗai, taku huɗu a jere, kuma ko da yaushe akwai aƙalla ƙafa ɗaya a ƙasa. A 2012 masana a jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin suka gano cewa sauyi a ƙwayar gado mai suna DMRT3 yana da babban hannu a wannan baiwa. Ke nan gado ce. Horo yana gyara ta, amma ƙarfe mai nauyi a kofato ko linzami mai tsanani ba sa haifar da ita a dokin da ba shi da ita.

Ma'aunai biyar

Na farko shi ne ciwon da ke bin jinin irin, da kuma ko akwai gwajin da zai tona shi kafin ka biya. Na biyu, ƙiba: kusan dukansu abinci kaɗan ke ƙosar da su, kuma nan ne babban haɗarin yake. Na uku, girman doki da nauyinka. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mahayi da sirdi da kaya su wuce wajen kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Na huɗu, ko tafiyar tana zama daram a hannun mahayi na yau da kullum, ko sai gwani. Na biyar, kuɗi: na saye, da na riƙo wanda cikin ƴan shekaru yake zarce na sayen.

Dokin Tenesi

Sunansa a takarda Tennessee Walking Horse, kuma an kafa ƙungiyar rajistarsa a 1935. Shi ne mafi tsayi a cikinsu, daga santimita 150 zuwa wajen 173, saboda haka dogon mutum ko mai jiki ya fi samun wanda ya dace da shi a nan. Yana jefa ƙafar baya ta wuce sawun ta gaba, kansa na kaɗawa sama da ƙasa daidai da takun. Yana cin ƙasa sosai ba tare da ya nuna yana sauri ba, kuma galibinsu masu sanyin hali ne. Da yake suna da yawa a Amurka, wanda aka hora don doguwar tafiya ba ya tsada idan aka kwatanta da sauran.

Abin da ya ɓata wa irin suna mutane ne suka yi shi. Don doki ya riƙa ɗaga ƙafafun gaba sama fiye da kima a filin gasa, wasu masu horo sukan shafa masa abubuwa masu ƙuna kamar man mastad ko kananzir a saman kofato, su ɗaura sarƙa a wurin, su kuma ɗora shi a kan takalmi mai tudu. Zafi ne ke sa shi fizge ƙafa. Majalisar Amurka ta haramta wannan zalunci da doka tun 1970, amma bai ƙare ƙaf ba. Idan za ka sayi wanda ya taɓa shiga irin wannan gasa, ka shafa fatar da ke saman kofaton gaba ka duba tabo ko wurin da gashi ya ƙi fitowa, ka lura ko yana janye ƙafa da an taɓa, ka kuma sa a ɗauki hoton ƙashin kofato. Irin wannan doki yana iya warkewa ya zama abokin tafiya nagari, sai dai aikin watanni ne, kuma ba na sabon shiga ba ne.

Rauninsa na biyu shi ne da yawansu sukan zame daga taku huɗu su koma jefa ƙafafun gefe ɗaya tare. Mahayi zai ji ana kaɗa shi dama da hagu, doki kuma ya lotsa baya ya ɗaga kai, wanda a hankali ke raunana tsokar bayansa. Ana gyara shi da tafiyar ƙafa mai ƙarfi, hawan tudu da tsallake sanduna a ƙasa, amma sai da haƙuri.

Dokin Mizuri

Missouri Fox Trotter ya fito ne daga tsaunukan Ozak, inda makiyaya da masu doguwar tafiya suke buƙatar dokin da ba ya tuntuɓe a duwatsu. An kafa ƙungiyarsa a garin Ava a 1948. Tafiyarsa ta bambanta da ta sauran: sassarfa ce aka raba, ƙafar gaba ta riga ta baya ta ɗaya gefen sauka da ɗan kaɗan, sai a ga kamar gabansa na tafiya bayansa na sassarfa. Ba ya ɗaga ƙafa sama, ba ya ɓarnar ƙarfi, shi ya sa ma'aikatan gandun daji na Amurka suka daɗe suna aiki da shi. Tsayinsa daga santimita 142 zuwa 163, jikinsa a cike.

A laushi zalla bai kai Paso ba, za ka ji ɗan motsi gaba da baya a sirdi. Amma babu wani ciwon gado guda da ya yi kaurin suna a kansa kamar yadda yake ga ukun da ke tafe, kuma kuɗinsa matsakaici ne. Ƙiba dai tana kama shi kamar kowa. A ganina shi ne mafi ƙarancin rigima a jerin nan.

Dokin tsaunukan Kentaki

Rocky Mountain Horse, duk da sunansa, daga gabashin jihar Kentaki yake. Yawancinsu jinin wani ingarma ne mai suna Old Tobe na Sam Tuttle, wanda ya riƙa ɗora baƙi a kan dawakinsa a gandun shaƙatawa na Natural Bridge. Ƙungiyarsu ta kafu a 1986. Suna da haƙuri da son mutane, tafiyarsu taku huɗu ce daidai wa daida, kuma tana zama ba tare da dabara mai yawa ba. Ba su kai na Tenesi yawa ba, don haka sun ɗan fi tsada, musamman masu launin da kowa ke so: jiki ruwan ƙasa mai duhu, geza da jela kuma fari-fari.

To, wannan launin ne ke tafe da matsalar. Ƙwayar gadon da ke ba da shi, PMEL17, ita ce kuma ke haddasa nakasar ido da ake haihuwar doki da ita. Wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya yawanci ƴan ƙuraje masu ruwa ne kawai a cikin idon, kuma ba kasafai suke hana shi gani ba. Wanda ya gada daga uwa da uba duka shi ne ke iya zuwa da ido mai kumburowa waje, yanar ido, da raunin gani. Sauƙin abin shi ne gashi kaɗan da aka tsige da saiwarsa ya isa a gwada a san matsayinsa, likitan idon dabbobi kuma ya duba ya faɗa maka abin da ke ciki. Ga mai hawa kawai, wannan haɗari ne da ake rufe ƙofarsa tun kafin ciniki. Ga mai kiwo don haihuwa, haɗa ingarma da goɗiya masu ɗauke da ƙwaya ɗaya-ɗaya yana nufin kowane dukushi yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya gaji biyu, kuma ban ga kyan launin da ya kai a yi wannan kasada ba.

Dokin Aisilan

Gajere ne, galibi tsakanin santimita 132 da 142, nauyinsa wajen kilo 330 zuwa 380. Yana da tafiya, sassarfa da sukuwa irin na kowane doki, ga kuma takunsa huɗu da ake kira tolt, wasu har da na biyar mai tsananin gudu. Wannan babbar fa'ida ce, domin wanda ke son laushi yau, gobe kuma yana son sassarfa da sukuwa, doki ɗaya ya ishe shi. Ba a fara hawansa sai ya kai shekara huɗu, kuma ba abin mamaki ba ne a gan shi yana aiki bayan ya haura ashirin. Dokar ƙasar Aisilan, wadda tsibiri ce, ta hana shigo da kowane doki, wanda ya fita kuma ba ya komawa, shi ya sa dawakin can ba su san yawancin cututtuka masu yaɗuwa ba. Wanda aka fito da shi sabo sai an fara masa allurar rigakafi daga tushe.

Ciwonsa da ya fi damun masu shi ƙaiƙayin bazara ne. Jikinsa ke ƙin yawun wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke fitowa safe da yamma kusa da ruwa da danshi. Doki ya yi ta goga geza da gindin jela da ciki a jikin itace har gashi ya zube, fata ta tsage. An fi ganinsa ga waɗanda aka haifa a Aisilan aka fitar da su suna manya. Waɗanda aka haifa a waje ba su cika yi ba. Ba ya kisa, amma aiki ne na kowace rana a lokacinsa: rigar raga mai rufe jiki, maganin korar ƙwari, shigar da shi barga kafin faɗuwar rana, da fanka, domin ƙudan ba sa iya tashi cikin iska. Kuma yakan ɗauki shekara biyu ko uku bayan isowa kafin ya bayyana, don haka lafiyar fatarsa ranar saye ba hujja ba ce.

Akwai kuma amosanin gwiwar ƙafar baya, wanda aka tabbatar yana bin jini a irin, har ƙa'idar kiwonsu ta wajabta ɗaukar hoton gwiwar ingarma kafin a tantance shi. Kai ma ka nemi hoton. Gashinsa na sanyi mai kauri ne ƙwarai, a ƙasa mai zafi sai an riƙa yi masa aski. Batun nauyi kuwa, ana yawan cewa yana ɗaukar kowa. Binciken da aka yi a jami'ar Holar ta ƙasar ya nuna yana iya tolt da kaya masu nauyi na ɗan lokaci, amma wahalarsa na ƙaruwa daidai da ƙaruwar nauyin. Kashi 20 cikin 100 na kilo 350 kilo 70 ne, har da sirdi. Horarre daga cikinsu yana da tsada, idan kuma daga can za a kawo shi, ga kuɗin jirgin sama da na killacewa.

Paso biyu

Ana yawan haɗa su, alhali iri biyu ne. Paso Fino na Kolombiya da Fotoriko ne, takunsa gajere ne mai sauri, tsayinsa daga santimita 132 zuwa 157. Paso na Peru takunsa ya fi tsawo, yana kuma wurga ƙafafun gaba waje tun daga kafaɗa. A laushi babu kamarsu, mai ciwon baya zai ji bambancin nan take. Dukansu suna da kuzari da saurin amsa umarni, abin da gwani ke so, mai tsoro kuma yake ɗauka taurin kai ne. Na gasa suna da tsada sosai, na hawan yau da kullum matsakaici.

Nan ne ciwo mafi nauyi a wannan jerin yake. Jijiyar da ke tallafe gaɓar saman kofato takan lalace a hankali, cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da DSLD. A dokin Peru aka fara bayyana ta, a 1981, kuma ana samunta a Paso Fino da wasu irin dawaki ma. Ba rauni ba ne na faɗuwa ko yawan aiki: ƙafafu biyu take kamawa tare, wani lokaci duka huɗu. Gaɓar ta riƙa sauka ƙasa, gwiwar baya ta miƙe, doki ya riƙa sauya ƙafa yana tsaye, ya yawaita kwanciya, ko ya jingina gindinsa da bango. Ba ta da magani. Abin da ake iya yi shi ne rage zafi da gyara kofato don a tallafa masa, kuma ƙarshenta yawanci ajiye hawa ne. Ba kowane Paso ke yi ba, da yawa suna tsufa ƙalau. Amma tana iya ɓoyewa har doki ya manyanta, don haka ka nemi a lanƙwasa gaɓoɓin a gwada, a yi wa jijiyoyin hoton sikanin, ka kuma tambayi halin ƙafafun uwa da uba da ƴan'uwa. Mai sayarwar da ya ƙi amsa wannan tambaya, ka bar masa dokinsa.

| Iri | Tsayi a santimita | Babban haɗari | Ana ganowa kafin saye? | Kuɗin saye | Sauƙi ga sabon shiga |
|---|---|---|---|---|---|
| Tenesi | 150–173 | Tabon gasa, zamewar tafiya, ƙiba | E, da duba fata da hoton kofato | Ƙasa zuwa matsakaici | Mai sauƙi, in ba na gasa ba ne |
| Mizuri | 142–163 | Ƙiba | E | Matsakaici | Mai sauƙi |
| Kentaki | 147–163 | Nakasar ido, ƙiba | E, da gwajin gashi da duba ido | Matsakaici zuwa sama | Mai sauƙi ƙwarai |
| Aisilan | 132–142 | Ƙaiƙayin bazara, amosanin gwiwa, ƙiba | Gwiwa e, ƙaiƙayi ba tabbas | Sama | Sai an koyi raba tafiyoyinsa |
| Paso | 132–157 | Lalacewar jijiya, ƙiba | Ba ko da yaushe ba | Matsakaici zuwa sama | Ya fi dacewa da wanda ya saba |

Abin da ya haɗa su

Ka lura ƙiba ta fito a kowane layi. An samar da waɗannan dawaki ne don aiki mai yawa a kan abinci kaɗan, yau kuma ana ba su abinci mai yawa da aiki kaɗan. Jikin da yawansu yana tara insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, fiye da kima, shi kuma yana jawo kumburin naman da ke riƙe ƙashi a cikin kofato. Idan abin ya yi tsanani ƙashin kan juya ko ya nutse, kuma wannan ya fi duk cututtukan gadon da na ambata yawan ajiye doki. Alamun farko su ne kitse mai tauri a doron wuya, a gindin jela da saman idanu, kofato mai ɗumi, bugun jini mai ƙarfi a bayan gaɓa, da tafiya a hankali a ƙasa mai tauri. Da ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya, kira likitan dabbobi a take.

Tsarin ciyarwa ba shi da wuya, tsayawa a kansa ne ke da wuya. Busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, a auna da sikeli, ba da ido ba. Dokin kilo 400 ke nan kilo 6 zuwa 8. Ga mai matsalar insulin a nemi ciyawar da sukari da sitacinta ba su wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, ko a jiƙa ta rabin awa zuwa awa ɗaya a zubar da ruwan. Hatsi sai mai aiki tuƙuru. Ɗanyar ciyawa sabuwar tsirowa a taƙaita ta, ko a sa masa takunkumin kiwo. A ma'aunin jiki na 1 zuwa 9 ana son ya tsaya wajen 5: ba ka ganin haƙarƙari, amma kana jin su da ka shafa. Ruwa kuwa lita 25 zuwa 45 a rana, fiye da haka a zafi.

Sauran hidima irin ta kowane doki ce: gyaran kofato duk mako shida zuwa takwas, duba haƙora sau ɗaya a shekara, maganin tsutsar ciki bisa gwajin kashi, rigakafin tetanos da na cututtukan da likitan yankinka ya ce suna yawo. Ka san zafin jikinsa na lafiya, digiri 37.5 zuwa 38.5, da bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti. Abubuwa biyu ne kawai suka keɓanta. Za ka haɗu da masu cewa sai an bar gaban kofato ya yi tsawo, ko an sa linzami mai dogon hannu, kafin tafiyar ta fito. Dogon kofato jijiya yake ja, linzami mai tsanani kuma lotsa baya yake koya wa doki. A gyara kofato daidai da ƙirar ƙafarsa, a sa sirdin da ya bar kafaɗa ta yi motsi. Na biyu, likitoci sun saba gano ɗingishi ne a sassarfa, inda kaɗa kai ke nuna ƙafar da ke ciwo. Dokin da ba ya sassarfa, ko wanda kaɗa kai ɗabi'arsa ce, yana iya ɓoye ɗingishi. Ka nemi likitan da ya saba da irinsu, kuma idan doki mai tafiya daram ya fara rikita taku ba dalili, ka fara zargin ciwo kafin ka zargi halinsa.

Wa ya dace da wanne

Idan kai dogo ne ko mai nauyi, kana son nisa a hanya mai kyau, kuɗinka kuma da iyaka, nemi dokin Tenesi wanda bai taɓa shiga gasar takalmi mai tudu ba, ka hau shi da kanka ka ji takun huɗu a rarrabe. Idan hanyarka duwatsu ce da hawa da gangara, ko akwai aikin shanu, ko kuma kana nesa da likitan dawaki, na Mizuri ne naka. Gidan da yara da manya za su riƙa karɓa-karɓa, ko wanda wannan ne dokinsa na farko, ya ɗauki na Kentaki da takardar gwajin ido a hannu, ko da launinsa ba shi ne wanda ake yayi ba. Mai ƙaramin jiki da ke zaune a wuri mai sanyi da iska, yana son tafiyoyi iri-iri da dokin da za su daɗe tare, ya dubi na Aisilan, kuma in yankinsa na da fadama da ƙwari ya zaɓi wanda aka haifa a wajen tsibirin. Wanda ciwon baya ko na ƙugu ya kai shi ga cewa ko laushi na ƙarshe ko ya bar hawa, kuma hannunsa ya saba da linzami, Paso ne zai mayar da shi kan sirdi. Shi kam kada ya yi cinikin biri a sama: ya fi son wanda ya kai shekara goma yana aiki ƙafafunsa ƙalau, da hoton jijiyoyi da labarin iyayensa, a kan ɗan shekara huɗu mai kyan gani.